Wuta ɗaya, aiki biyu: yadda za ka ɗebi zafin janareto ka rage hayaƙin masana'antarka

Shekara ashirin da 'yan kai ina gyaran manyan janareto a Kano, daga Sharaɗa zuwa Challawa har Bompai, kuma akwai abin da nake wucewa ta gabansa kullum har idona ya saba ya daina gani. Sai wata safiya ta hunturu da aka kira ni canjin fambel a wani ƙaramin injin shinkafa da ke hanyar Kura. Janareto yana ta ruri a gefe ɗaya na farfajiyar, fankar lagireto tana feso iska mai zafi, yara sun jeru a gabanta suna jin ɗumi. Taku ashirin daga nan wani dattijo ne, kowa Baba yake ce masa, tsugune gaban manyan tukwanen ƙarfe yana cusa itace ɗanye-ɗanye, idonsa jawur, yana tari, duk don ya ɗumama ruwan da za a jiƙa shanshera. Ya binne rogo biyu a gefen toka. Na tsaya riƙe da sifana ina kallo: nan ana zubar da zafi, can ana sayen zafi da kuɗi da huhun mutum.

Dabarar haɗa waɗannan biyun Turawa suna taƙaita sunanta da haruffa uku, CHP, ma'ana samar da lantarki da zafi daga wuta guda. Tsohuwar dabara ce. Bayan tashin farashin mai na 1973 ƙasar Denmak ta rungume ta, har yau kusan kashi biyu cikin uku na gidajen ƙasar bututun ruwan zafi ne yake ɗumama su, da yawan ruwan nan kuwa daga tashoshin lantarki yake fitowa. Kamfanonin sukari ma haka suke, irin na Kenana a Sudan da na Brazil da Indiya: su ƙona tuƙar rake, tururin ya juya injin lantarki, sannan wannan tururin dai ya wuce ya dafa ruwan rake. Mu nan ba ɗumama ɗaki ne damuwarmu ba. Amma muna turara shinkafa, muna wanki a otal da asibiti, muna jima, muna rini, muna wanke kwalabe, kuma kusan duk wanda yake waɗannan sana'o'in yana da janareto a bayan gida.

Ina man da ka saya yake tafiya

Ɗauki janareto mai KVA 100 da yake ɗauke da lodin kilowat 60. Zai sha dizal wajen lita 17 a awa. Kowace lita tana ɗauke da ƙarfin da ya kai kilowat-awa 10, ka ga 170 ke nan ka zuba. Abin da ya fito ta waya 60 ne kacal. Wajen 50 salansa ce ta yi sama da shi, wajen 45 lagireto ya watsar, ɗan ragowar jikin injin ne yake hurawa. Wato in ka sayi jarka uku, kusan biyu iska ka saya wa. Wannan ba lalacewa ba ce, sabon inji dal ma haka yake.

Daga cikin abin da yake zubewar nan, mai aiki da hankali zai iya kamo wajen 40 daga ruwan inji, wajen 30 daga salansa. Haɗa da 60 na lantarki ka samu 130 cikin 170, kashi 76 cikin 100. Hukumar kare muhalli ta Amurka tana sa irin wannan tsari tsakanin kashi 65 zuwa 80, alhali wanda ya raba wutarsa biyu yana yawo ne wajen kashi 50.

Gara in faɗa maka tun yanzu, don 'yan talla ba za su faɗa ba: wannan aiki ba ya wanke hayaƙin janareto. Abin da salansarka take fitarwa jiya shi za ta fitar gobe, kuma hayaƙin dizal tun 2012 sashen binciken cutar kansa na Hukumar Lafiya ta Duniya, WHO, ya sa shi cikin abubuwan da aka tabbatar suna jawo cutar kansa. Hayaƙin da yake raguwa shi ne na wuta ta biyu, ta Baba. Murhun itace a fili yana fitar da ƙurar hayaƙi wadda ta fi silin gashi siranta wajen sau talatin, ita ce take wuce hanci da maƙogwaro ta zauna a can ƙasan huhu, ta tayar da fuka, ta wahalar da zuciya. WHO ta ƙiyasta cewa hayaƙin girki da irin wannan makamashi ya kashe mutum wajen miliyan 3.2 a duniya a shekarar 2020. In kuma tukunyar tururinka dizal take sha, kowace litar da ba ka ƙona ba ka hana kilo 2.7 na iskar kabon mai ɗumama duniya tashi. Duk ribar iska tana nan ne: wutar da ka kashe.

Fara daga tukunya

Kuskuren da aka fi yi shi ne a tsaya gaban janareto ana lissafin abin da zai iya bayarwa. Juya masa baya ka je wajen tukwane. Ruwa nawa ake ɗumamawa a rana, daga digiri nawa zuwa nawa, kuma da wane lokaci? Sayi ma'aunin zafi mai tsinke, ka samu littafi, ka yi mako guda kana rubutawa. Lissafin mai sauƙi ne: ɗaga lita 1,000 da digiri ɗaya yana cin kilowat-awa 1.16. Tankin lita 2,000 da za a kai daga digiri 25 zuwa 70, zafin da ake so don jiƙa shanshera, yana bukatar wajen 105. Ruwan injin da muka yi misali da shi zai ba ka wannan cikin awa uku ba tare da ka taɓa salansa ba. Da itace kuwa, busasshen kilo ɗaya yana da wajen kilowat-awa 4, amma a buɗaɗɗen murhu da ƙyar kashi 15 yake shiga tukunya. Kilo 175 ke nan don tanki ɗaya. Tanki biyu a rana, kwana shida a mako, ka lissafa da kanka.

Sai lokaci. In janareto da rana yake aiki, jiƙo kuma da asuba ake yi, zafin da bukatar ba su haɗu ba. Ko dai a matsar da lokacin jiƙo, ko a sa tankin ajiya mai rufi wanda zai riƙe zafinsa ya kwana. A wurin da nake ba ka labari sai da muka yi ta fama kafin ma'aikata su yarda a mayar da jiƙo bayan azahar, don tun kafuwar wurin da asuba suka saba. Ƙarfe bai ba ni wahalar da wannan canjin ya ba ni ba.

Ka kuma duba lodin injin. Wanda yake aiki ƙasa da kashi 30 na ƙarfinsa ba ya yin zafin kirki, ba ya ƙone mansa sosai, za ka ga baƙin ruwa mai maiƙo yana tsiyaya daga haɗin salansa. Irin wannan a gyara lodinsa tukuna, a duba nozul da abin tace iska. Kada ka ɗora gini a kan inji mai baƙin hayaƙi.

Ruwan inji tukuna

Nan ne arha, nan ne kuma haɗari ya fi ƙanƙanta. Ruwa yana fitowa daga kan inji da zafin digiri 85 zuwa 90 ya nufi lagireto. A kan wannan tiyo na sama za ka yanka ka sa na'urar musayar zafi. Duk bakanike ya san oyil-kula, to aikinsu ɗaya: faranta ne sirara na ƙarfe marar tsatsa a jere, ruwan inji yana bi ta fuska ɗaya, ruwan tanki yana bi ta ɗayar, zafi yana ƙetarawa amma ruwan biyu ba sa haɗuwa. Ƙaramin famfo shi zai riƙa jan ruwan tanki yana zagayawa da shi.

Rashin haɗuwar nan ba ƙawa ba ce. Ruwan inji yana da sinadarin hana tsatsa mai guba, bai kamata ya kusanci abinci ba. Ruwan rijiyar burtsatse kuma, in ya yi ta zafi, yana barin farin ɓawo irin na cikin tsohuwar butar shayi. In ɓawon ya taru a faranta, ka kwance ka wanke da ruwan tsami na wanke bututu, magana ta ƙare. In ya taru a cikin bulo na inji, sai dai ka fara neman bashi.

Kada ka cire lagireto. Na taɓa yi, don haka da bakin wanda ya ƙone nake magana. Wani aiki ne na farko-farko, na ga tanki yana shanye zafin duka, na ce fankar nan ɓarnar mai kawai take yi, na cire. Kwana uku lafiya lau. Rana ta huɗu ba a jiƙa shinkafa ba, tanki ya cika da zafi ya ƙi karɓar ƙari, yaron da ke kula da inji ya tafi sallah, kafin ya dawo gasket ya ƙone. Mai wurin ya kira ni, bai ɗaga murya ba, cewa kawai ya yi, "Injiniya, wannan ragin kuɗin naka tsada gare shi." Na ce, "Ranka ya daɗe, laifina ne." Daga aljihuna na saya. Tsarin da ya dace shi ne ruwa ya bi ta na'urar musaya, ya wuce lagireto kamar yadda ya saba, ko a sa bawul mai baki uku da zai karkatar da shi da kansa. Inji ya samu inda zai zubar da zafinsa ko da babu mai so.

Akwai kuma wata al'ada tamu ta bakanikai, ta cire tamostat, ɗan bawul ɗin da yake tsare ruwan inji har sai ya yi zafi, a jefar wai ƙasarmu da zafi. A wannan aiki in babu tamostat, tankin ruwan sanyi zai janye zafin injin ya bar shi a digiri 50 ko 60, inji mai sanyi kuwa ya fi shan mai, ya fi hayaƙi, ya fi saurin cinye kansa. Ka ga an je gyaran gira an tsone ido. Mayar masa da ita.

Bututun da ya tashi daga inji zuwa tanki a naɗe shi da audugar gilas a rufe da falle, tankin ma haka. In ka ɗora hannu a jikin rufin ka ji zafi, kuɗinka ne yake fita.

Salansa, inda ake tafka ɓarna

Hayaƙin dizal yana fitowa da zafin digiri 400 zuwa 500 da wani abu. Shi ne kaɗai zai iya ba ka tururi, don ruwan inji ba ya kai tafasa. Shi ya sa kowa yake kwaɗayinsa, kuma dabarar da take fara zuwa wa kowa ita ce a sa mai walda ya ratsa bututun salansa ta cikin duro mai ruwa. Ni ma ita na fara yi. Ruwa ya yi zafi, na yi ta murna. Ba a rufa wata huɗu ba bututun ya huje kamar rariya, wani ruwa mai tsami yana ɗiga, ƙasan wurin ya yi ja.

Dalilin shi ne dizal yana da farar wuta a ciki, hayaƙinsa kuma yana ɗauke da tururin ruwa. In ka sanyaya hayaƙin fiye da kima, su biyun su haɗu su zama asid irin na batirin mota, su kwanta a jikin ƙarfe su yi ta ci. Maganinsa kada ka yi haɗama. Sa ma'aunin zafi a bakin fita, kada hayaƙin ya sauka ƙasa da digiri 180. Kuma ruwan da zai shiga na'urar salansa ya zama wanda ya riga ya yi zafi daga ruwan inji, kada a aiko mata da mai sanyi kai tsaye daga rijiya.

Abu na biyu shi ne numfashi. Inji yana bukatar ya fitar da hayaƙinsa a sake. Kowace kwana da ka ƙara, kowane matsattsen bututu, shaƙe shi kake yi, ƙarfinsa ya ragu, hayaƙi ya yi baƙi, tobo ta wahala. Littafin kowane inji ya faɗi iyakar matsin da zai iya jurewa a salansa. Gwajin ba ya bukatar na'ura mai tsada. Samu farar tiyo mai nuna ciki, ka lanƙwasa ta ta yi gwiwa a ƙasa baki biyu a sama, ka zuba ruwa rabi, ka haɗa baki ɗaya da ƙaramar ƙofa a jikin salansa ta hanyar ɗan bututun tagulla mai tsawo don kada robar ta narke. Tazarar da ke tsakanin ruwan ɓangare biyu ita ce matsin. Auna ranar da ka gama aiki, ka ja layi da maka a jikin katako. Duk ranar da ruwan ya wuce layin sosai, kunkunniya ta toshe hanya. Saboda haka tun wajen ƙira ka bar murfin da za a buɗe a zura burushi, don kunkunniya ko siririya ce tana hana zafi ratsa ƙarfe kamar bargo.

A sa kuma hanyar kauce wa na'urar, da ƙofar ƙarfe da za a juya hayaƙi ya bi tsohuwar hanyarsa in ba a bukatar zafi ko famfo ya tsaya. Ruwan da ya tsaya cik a cikin bututun da hayaƙin digiri 450 yake lasa, cikin 'yan mintuna zai zama tururi, kuma tururin da aka kulle bam ne. In ruwan zafi kawai kake so, bar tankin da bututun shaƙar iska a buɗe a sama. In tururi mai matsi kake so, wannan ya wuce aikin mai waldar bakin titi, komai gwanintarsa. A sayi tukunyar da aka ƙera don haka, mai bawul ɗin tsaro da agogon matsi, wadda aka gwada.

Sau biyu ana tambayata ko za a iya hura hayaƙin kai tsaye cikin ɗakin busar da shinkafa, tunda ai zafi ne. A'a. Hayaƙi da abinci, hayaƙi da mutane, kullum ƙarfe ne a tsakani. A cikinsa akwai iskar nan mai kisa wadda ba ta da wari ba ta da launi, wadda muke jin ta hallaka iyali guda cikin dare saboda an kwana da janareto a ɗaki ko a baranda. Bayan ka gama haɗi, tayar da inji ka bi kowane haɗin salansa ka nemi baƙin tabo, sannan bakin bututun ya wuce saman rufi, ya kauce wa tagogin maƙwabta.

Wanda bai kamata ya yi ba

In kana samun wutar Nefa isasshiya, kada ka sayo janareto don kawai ka ji an ce wannan tsari yana rage hayaƙi. Wani ɓangare na wutar layi daga ruwan Kainji da Jebba da Shiroro yake zuwa, sauran daga tashoshin iskar gas da ke nesa da gari. Ka bar wannan ka kunna dizal a tsakiyar unguwa, ƙara wa maƙwabtanka hayaƙi ka yi, komai kyan lissafinka a takarda. Haka in injinka awa biyu yake yi a rana, kuma ruwan wanka kawai kake so, tankin ɗumama ruwa da hasken rana ya fi maka. Aikin nan na wanda injinsa yake kwana yana wuni ne, kuma yana da wata wuta ta daban da yake ciyarwa.

Masu otal da asibiti su riƙe tankinsu a digiri 60 ko sama, don akwai ƙwayar cutar huhu da take hayayyafa a ruwa mai ɗumi-ɗumi. Manyan wurare kuma suna iya juya ruwan zafin nan ya zama sanyi, da wani irin injin sanyaya ruwa da zafi yake tuƙa shi maimakon lantarki, amma wannan kuɗinsa da kulawarsa na manya ne.

Inda lissafin zai canza sosai shi ne iskar gas. A bakin direbobinmu gas dizal ne, don haka a bambance, ina nufin iskar da ake turowa ta bututu ko a kawo a matse cikin manyan motoci. Injin da yake shan ta kusan ba ya kunkunniya, farar wutarta kaɗan ce ƙwarai, don haka ana iya tatsar salansarsa fiye da ta dizal ba tare da tsoron asid ba. Bututun Ajaokuta zuwa Kaduna zuwa Kano, mai tsawon kilomita 614, an ƙaddamar da aikinsa a 2020. Duk wanda zai sayi sabon babban inji a Kano ko Kaduna ya sa wannan a ransa, ya kuma bar fili a gefen injin don na'urorin zafi tun wajen zuba kankare. Masu injin shinkafa kuma suna da ɓuntu, wajen kashi ɗaya cikin biyar na nauyin shanshera. Tsibinsa da ake bari yana cin wuta a hankali kwana da kwanaki yana turnuƙe gari, in aka ƙona shi a rufaffen murhu mai fanka da dogon bututu, shi zai ba da tururin da janareto ya kasa cikawa.

A injin hanyar Kura haka muka ƙare. Ruwan inji ya ɗauke jiƙo gaba ɗaya, salansa tana ƙara wa ruwan da zai shiga tukunyar tururi zafi, ɓuntu ya ƙarasa sauran. Ba ni da na'urar auna ƙurar iska, da rasit na auna: na ce wa mai wurin ya ajiye lissafin itacen wata uku kafin aiki da wata uku bayansa, da na dizal ma, don a tabbatar injin bai ƙara sha ba. Kai ma haka za ka yi. Mai kawo itace dai ya daina gaishe ni.

Baba aka ba wa kula da bawul da ma'aunin zafi, yana da littafinsa da yake rubuta lambobi da ajami. Da na koma duba layin makar nan bayan sallah, na durƙusa na gaishe shi, na ce, "Baba, ya tarin?" Ya ce, "Da sauƙi, ɗan nan, alhamdu lillahi. Amma ka cuce ni, yanzu ina zan gasa rogona?" Na ɗauka wasa yake yi, sai da na zagaya bayan inji na ga ya ɗaye rufin bututun salansa wajen taƙi ɗaya, ya ɗaura rogo biyu da waya. Na mayar da rufin, na roƙi mai wurin ya saya masa ɗan kurfoti.